Motar Baba Mala Ba Ta Faɗuwa

Ƙusa ɗaya Mala ya ɗaura, sai hannunsa ya tsaya. Ya ja da baya a tsugune, ya goge lambar da gefen rigarsa, ya sake karantawa. Babu shakka, lambar motar Imran ce, mijin 'yarsa Bilkis.

"Baba Mala, yi sauri mana," in ji Sha'aibu, dillalin da ke kawo masa aiki, yana leƙen titi daga gindin mangwaro. "Layi ya fara tsawo fa. In oga ya fita cin abinci, sai gobe kuma."

Shekara talatin da ɗaya Mala ya yi yana tuƙa motar gwamnati, kuma da ya yi ritaya bai fito da komai ba sai wata ƙaramar mota ruwan toka da kunnen jin ciwon inji. Irin motar ta cika garin Lafiya, amma tasa daban ce. Kowace safiya sai ya duba mai, ya duba ruwa, ya taka birki yana saurare kamar mai jiran sallama. Duk shekarar da ya kai ta wurin gwajin lafiyar motoci, takan hau na'ura ta sauko ba tare da an sami abin cewa ba. Wannan ne ya jawo hankalin Sha'aibu. Duk mai irin motar da ya san tasa ba za ta wuce ba, sai ya ba da lambarsa, a ɗaura wa ta Mala, ta shiga ta ci jarrabawar da sunansa. Ma'aikatan wurin kuwa, bayan Sha'aibu ya gaisa da su, babu mai sauran ƙwarin bayan da zai sunkuya ya duba lambar jikin mota.

Mala ya daɗe da lallashin kansa a kan wannan. Shi dai bai yi wa kowa ƙarya ba, motarsa lafiyarta ƙalau, kuma abin da na'ura ta faɗa gaskiya ne.

"Wa ya kawo wannan?" ya tambaya.

"Wani yaro ne daga unguwar Azuba. Motan nashi ba wani matsala, birki ne kawai yana ɗan wasa."

Mala ya san irin wasan. Makon jiya ya ga Imran yana shigowa layinsu, yana taka birki sau uku kafin motar ta yarda ta tsaya, Bilkis na gefensa da cikinta wata bakwai, ta dafe gaban motar da hannu biyu tana dariya. Kunyar suruki ta hana shi magana a ranar. Yanzu ga shi an miƙo masa lambar ya sa mata albarka.

Ya kwance ƙusar, ya miƙa wa Sha'aibu lambar.

"Yau ba ni da lafiya."

"Haba Baba! Kai ko motan?"

Mala ya koma ya tsuguna. Ya mayar da tasa lambar.

* * *

Ya kasa zama a gida. Ya wanke motar da ba ta yi datti ba, ya shiga ɗaki, ya fito, ya kunna rediyo, ya kashe. Bayan la'asar ya ji tsayuwar keke mai ƙafa uku a ƙofar gida, sai ga Bilkis ta shigo tana haki, ta gaishe shi a taƙaice, ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, Sha'aibu ya ce kai ka hana."

Mala ya ɗago kai. Ya ɗauka 'ya'yansa ba su san wannan sana'ar tasa ba.

"Ke ina kika san Sha'aibu?"

"Baba, duk garin nan wa bai san motarka ba ta faɗuwa ba? Mu ne dai muke yi kamar ba mu sani ba." Ta gyara zama da ƙyar. "Sau biyu ana tare mijina a hanya saboda takardar lafiyar motar nan. Sun ce na uku za su tafi da motar. Daga Azuba zuwa makarantarmu, a haka zan riƙa hawa mashin?"

"A gyara birkin."

"Za a gyara, ƙarshen wata. Takardar ce ba za ta jira ba."

"To ba da hannuna ba."

Ta dube shi, idonta ya ciko. "Mutum nawa ka yi wa, Baba? Wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Sai da aka zo kan naka, shi ne za ka ce a'a?"

Amsar na bakinsa: ai saboda ke ce a ciki. Amma da ya juya ta a ransa, sai ya ji nauyinta, domin kowace lambar da ya taɓa ɗaurawa akwai wadda ke zama a gefen direba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗan da ya haifa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe, sannan ya fito da mabuɗin motarsa da takardunta a cikin leda, ya ajiye a gabanta.

"Ki ce wa mijinki ya zo ya ɗauki wannan. Tasa ya kawo mini nan, daga nan kada ya sake tayar da ita."

"Baba, kai kuma fa?"

"Ina zan je? Masallaci ne, ga shi nan a bakin layi."

* * *

Washegari da hantsi Imran ya zo tare da Bilkis, kansa a ƙasa, yana ta godiya har Mala ya gaji. Sha'aibu ya kira sau huɗu, Mala ya kife wayar a kan tabarma.

Ya bi su har bakin babban titi yana ba da umarni. Kada a cika mata kaya. A duba ruwa kullum. Giya ta biyu tana son a bi ta a hankali. Bilkis ta leƙo ta taga tana murmushi, fushin jiya ya wuce.

"Baba, ka koma gida, rana ta yi zafi."

Imran ya sa sigina, ya hau titi a nutse, suka nufi Azuba. Mala ya ji ƙirjinsa ya saki a karon farko tun jiya. Ko ba komai, 'yarsa tana cikin motar da za ta tsaya idan an ce ta tsaya.

Sai wata mota ta wuce shi a guje, ƙarama, ruwan toka, an danna fasinja shida a ciki, buhunan doya sun hana but ɗin bayanta rufuwa. Tayar baya ta suɗe har zare ya fito. A jikin gilashinta ga takardar shaidar lafiya sabuwa fil. Idon Mala ya sauka kan lambar, ya kuwa gane ta, shi ya ɗaura ta da hannunsa ranar Talatar da ta wuce.

Motar ta shige bayan su Bilkis, ta manne musu, tazarar ba ta fi taku biyar ba. Can gaba wata tirela ta fara rage gudu, jajayen fitilun birkin motar Mala suka kama tar, su biyun. Na motar da ke bayanta ba su kama ba.

Mala ya ɗaga hannu, ya yi taku biyu a kan kwalta. Motocin suka sha kwana tare, ya daina ganinsu. Ya tsaya a wurin cikin rana, hannunsa a sama, yana kasa kunne.