Madubin Hagu

Ƙarar ba ta yi ƙarfi ba, amma ta isa ta fito da Doña Herminia daga kicin. Ta leƙo ta saman katanga, ta dubi ginshiƙin ƙofar da ya ɓantare, sannan ta dubi Don Eusebio a bayan sitiyari.

"Maƙwabci, wai me ƙofar nan ta yi maka? Jiya ka mare ta, yau ka ƙara."

"Ita ta matso," in ji shi.

"To, Allah Ya sa duwatsun Chile ba su iya matsowa ba."

Ya ja gaba, ya faka a bakin titi, ya fito yana shafa gefen tafi-da-gidanka ɗin da ke maƙale a bayan a-kori-kurarsa. Ɗan gida ne mai taya biyu, da gadaje da murhun gas a ciki. Tun yara suna ƙanana suka sa mata suna Kunkuru. A cikinta suke tsallaka duwatsu duk Janairu, daga nan Tunuyán zuwa bakin tekun Chile. Bana ya sake mata fenti da tayoyi, ya wanke labulayen da Ofelia ta ɗinka.

Fitar da ita ba wuya. Mayar da ita ciki da ribas ne ya gagare shi. Aikin nan bai taɓa yin sa shi kaɗai ba. Matarsa Ofelia ce ke tsayawa a baya ta hagu, daidai inda madubi zai nuna masa ita, da tsumman goge kwano a hannu. Inda tsumman ya nuna, nan wutsiyar Kunkuru za ta bi. In ta ɗora shi a kafaɗa, ya taka birki. A sanyin bara aka binne ta. Tun daga nan, in ya dubi madubin hagu, kurangar inabi kawai yake gani.

Yau Lahadi ce, kuma yaran sun yi alkawarin zuwa a tsara tafiya. Tun da safe ya hura wuta, ya ɗora haƙarƙarin saniya. Ya cika kwalabe shida da ruwa ya jera a gindin kuranga, kowane matafiyi da tasa. Za a ajiye su a ɗan ɗakin Difunta Correa da ke bakin hanya, baiwar Allahn da ƙishirwa ta kashe a daji. Ba direban da zai hau dutse bai bar mata ruwa ba.

Ramiro, babban ɗansa, ya iso shi kaɗai, ba matarsa ba 'ya'yansa.

"Ina Silvana da yaran?"

"Suna da wasan ƙwallo, tsoho. Sun ce a gaishe ka." Idonsa ya sauka kan ginshiƙin. "Wannan fa? Girgizar ƙasa aka yi ba mu ji ba?"

Nélida, ƙanwar Ramiro, ta shigo a bayansa da kwanon salak. Ta sumbaci uban a kumatu. Ita ma ta ga ginshiƙin, ta kau da kai.

Kafin nama ya nuna, Eusebio ya haɗa mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasarsu. Ya zuba ganye a ƙoƙo, ya tsiyaya ruwan zafi, ya sha na fari, ya sake cikawa ya miƙa wa Ramiro.

"Bar shi, tsoho, cikina ba ya so yanzu."

Nélida ta karɓa, ta zuƙa sau ɗaya ta bututun ƙarfen, ta riƙe ƙoƙon a cinya har ya huce. Shi kuwa yana ta bayani. Za a kwana a garin Uspallata, a tashi da sassafe kafin layin boda ya yi tsawo. Kada kowa ya saka zuma ko 'ya'yan itace a jaka, 'yan Chile ƙwacewa suke yi. Jikokin za su kwana a gadon sama, inda ubansu ya taɓa faɗowa.

"Baba," Nélida ta katse shi a hankali. "Mun sayi tikitin jirgi."

Ya juya naman, ko da yake bai kai a juya ba.

"Har da kai," in ji Ramiro. "Silvana ta kama mana gida a bakin ruwa, akwai banɗaki na gaske. Yaran yanzu ba za su yi wuni a mota ba, kashe mu za su yi. Kuma akwai wani a wurin aikinmu da yake son Kunkuru. Zai riƙe ta da kyau."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Tsoho, ƙofar gidanka ta gagare ka. Lanƙwasoshin hanyar Caracoles fa, da rami a gefe? Ka shigar da ita yanzu a gabana ba ka taɓa komai ba, ni kuma na bar maganar mai saye."

Eusebio ya goge hannu a wando, ya ɗauki makulli.

Ramiro ya tsaya ta dama, yana wulwula hannu yana ihu. "Hagu! Karya hagu! A'a, ɗaya hagun!" Shi sitiyari yake nufi. Uban kuwa ya saba a nuna masa inda wutsiya za ta bi, kuma in kana jan abu a baya, sitiyari da wutsiya kishiyoyi ne. Ga shi idonsa ya ƙi barin madubin hagu, inda babu kowa. Kunkuru ta karkace, ta gogi ginshiƙin a wurin da ta goga ɗazu.

Daga saman katanga Doña Herminia ta ce, "Na uku ke nan. Ku kira fadan coci ya yi wa ƙofar nan addu'a."

Ba wanda ya yi dariya. Ramiro ya buɗe hannuwa, alamar ka gani ai. Eusebio ya ja gaba ya tsaya, hannunsa biyu a kan sitiyari. Bai yi niyyar yi wa kowa bayani ba. Yana shirin kashe mota sai ya ga motsi a madubin hagu.

Nélida ce, da tsumman da ta rufo salak da shi. Ta tsaya a gindin kuranga, ta ɗan matsa har ta ga fuskarsa a madubin. Tana yarinya, takan durƙusa a kujerar baya ta kalli uwarta ta gilashi. Ta miƙe hannu, tsumman ya nuna cikin gida.

Ya sa giya. Tsumman ya karkata, wutsiya ta bi. Ya dawo, ta dawo. Kunkuru ta wuce tsakanin ginshiƙan a hankali, ba ta taɓa ko ganyen inabi ba. Nélida ta ɗora tsumman a kafaɗa, ya taka birki.

Ya daɗe bai fito ba. Da ta zo bakin taga, idonta ya yi ja.

"Duk da haka jirgin za mu hau, Baba. Hutuna ba shi da yawa."

"Na sani, 'yata."

Sun ci naman, ya ɗan ƙone ta gefe ɗaya. Ramiro ya yi ta labarin gidan bakin ruwa, bai sake ambaton mai saye ba. Da la'asar ya tashi, wai zai ɗauko yara. Nélida ta tsaya ta wanke kwanuka, ta shanya tsumman a igiya.

Eusebio ya raka ta ƙofa. A hanya ya tsaya a gindin kuranga, ya riƙa buɗe kwalaben yana juye ruwan a saiwar inabin, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe bai buɗe ta ba. Ya kai ta mota, ya ajiye a kujerar gaba, ya tokare ta da hularsa don kada ta gangara.

"Baba, me kake yi?"

"Ku mayar musu da tikitina. Zan riga ku tashi."

"Kai kaɗai? A kan dutsen nan?"

"Hanyar duk gaba ce. Sai na isa zan buƙaci ribas." Ya rufe ƙofar motar, ya je igiya ya ciro tsumman, da sauran danshinsa, ya ninke ya saka mata a jaka. "Akwai fili a bayan gidan da kuka kama?"

"Ban sani ba. Zan tambayi Silvana."

"Tambaye ta. In na iso, ki tsaya ta hagu."

Ta rataya jakar, ta tafi. Ya tsaya a bakin titi har motarta ta sha kwana. Sannan ya koma ciki ya ɗora ruwa a wuta, ya zubar da ganyen da ya huce, ya haɗa sabon mate. Ya sha na fari, ya sake cikawa, ya sha na biyu.