Shanun Mubina

Naja'atu Lawal 'yar Safana ce. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi aka tura ta koyon aikin koyarwa na wata uku a wata firamare da ke Batsari. Hedimasta ya duba takardarta, ya ce ajin share fage ne ke neman mutum, don yara arba'in da biyu ne, malama ɗaya.

Malamar ita ce Malama Kande, dattijuwa mai ciwon gwiwa, wadda ta haura shekara ashirin tana fama da ƙananan yara. Ranar farko Naja'atu ta zo da kwalayen da ta zana wa baƙaƙe, ta tsaya gaban allo tana ɗaga murya. Kafin ta kai harafi na uku biyu na kuka, ɗaya ya jiƙa tabarma, sauran sun yi cincirindo a taga suna kallon akuya.

"Naja, zauna ƙasa," in ji Malama Kande. "In kina tsaye, zaninki kawai suke gani."

Ta zauna ranta a ɓace. Ba a jima ba sai ga yara sun kewaye ta, wannan na taɓa agogonta, wancan na tambayar sunanta.

Akwai wata yarinya, Mubina, 'yar shekara huɗu, da ba ta taɓa matsowa ba. Kakarta Ma'u ce ta gudo da ita daga wani ƙauyen Ruma bayan 'yan bindiga sun shiga. Ba wanda ya taɓa jin muryarta a ajin, kuma da babur ya wuce sai ta shige ƙarƙashin tebur. Wata rana babur ya wuce, ta shige, sai Naja'atu ta kamo hannunta.

"Fito mana, babur ne fa kawai!"

Yarinyar ta sandare. Da aka tashi, Malama Kande ta kira Naja'atu gefe.

"Kada ki ƙara jawo ta. Ita ta san abin da babur ya kawo gidansu. Ki bar ta, in ta huce da kanta za ta fito."

Kunya ta rufe Naja'atu, ta kasa ko ɗaga kai.

A mako na biyar aka yi ruwan sama, Malama Kande ta sa aka ɗebo yumɓu daga bakin kududdufi, ta ce kowa ya gina abin da yake so, da shi za a koyi ƙirga. Wasu suka gina tukwane, wasu mota. Mubina ta koma lungu ta gina shanu bakwai, kowace da tozonta da ƙahonta. Naja'atu ta zauna kusa da ita. Can sai yarinyar ta kwashi biyar, ta tura su ƙarƙashin tabarma.

"Sun kora su," ta ce a hankali.

Idanun Naja'atu suka ciko. Ta buɗe baki za ta ba ta haƙuri, sai ta ga Malama Kande na girgiza mata kai. Dattijuwar ta jawo jiki ta matso.

"To, Mubina, waɗannan biyun da suka rage, me sunansu?"

"Wannan Ja. Wannan Gurguwa. Ba ta iya gudu, shi ya sa suka bar ta."

Wani yaro, Haisam, ya miƙo hannu zai ɗauki Gurguwa.

"Kai, tana tunkuyi!" in ji Mubina da ƙarfi.

Haisam ya janye hannu da sauri, yara suka kwashe da dariya. A ranar, da shanun Mubina aka koyi ɗaya da biyu.

Bayan an tashi Naja'atu ta ce, "Mama, ta yaya kika san abin da za ki tambaye ta?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Na dai ga kina shirin kuka. Da kin yi, da ta ɗauka laifi ta yi da ta yi magana."

Mubina ba ta daina tsoron babur ba, amma ta fara amsa waƙa tare da sauran, har Ma'u ta zo da kanta ta ce yarinyar ta hana ta sakat da surutu a gida.

Ranar da wata ukun suka cika, Naja'atu ta durƙusa gaban Malama Kande.

"Mama, ban san da wane baki zan gode miki ba. Abin da na samu a wajenki ban same shi a kwaleji ba."

"Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki haƙurin zama da su. Ki gaishe mini da mutanen Safana." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Yanzu dai tashi, ga Ramlat can ta sa takalmi a baibai, kuma babanta na jira."

Naja'atu ta share ido, ta je ta tsuguna gaban yarinyar ta gyara mata.