Ƙotar Itacen Zaitun

Ni dai ban taɓa son bindigogin Clarrie ba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Tun muna ango da amarya yake wanke su da ruwan zafi a inda nake wanke kwanukana, gida ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, don haka albarushi yake wari in ya ƙone. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Duk Lahadi sai ya tafi filin harbi na bayan garin Burra, wurin tsofaffin abokansa masu bindigar kaka da kakanni, irin wadda ake ɗurawa ta baki, dutsen ƙyastu ya ba ta wuta. Ni iyakata in gasa musu biskit in miƙa masa ta tagar mota.

Sai ciwon karkarwa ya kama shi. Ya fara daga hannun dama, a hankali har shayi ya koma sha rabin kofi don kada ya zube. Likita ta hana shi tuƙi, ta ce ƙarshen wata ya mayar da lasisin bindiga. Marar lasisi kuwa ba ya ajiye bindiga a gida, ko da shi ya ƙera ta. Ya sayar da sauran. Saura ɗaya, 'yar ƙarama ta hannu, wadda ya daɗe yana fama da ita a rumfar bayan gida, ya sassaƙa mata ƙota da reshen zaitun ɗinmu da iska ta karya. Ba a taɓa harba ta ba. In ta tafi, Lahadinsa ta tafi, abokan ma sun tafi, sai kujera da taga. Na san haka, kuma abin yana ci mini rai.

"Merle," ya ce da ni, "ki kai ni in ji muryarta ko sau ɗaya."

"Ka ga na yi kama da direbanka?" Na faɗa ina neman makullin mota.

Des ne ya tarbe mu, tsohon mai askin tumaki, shi ke kula da tsaro a filin. In bai ce a harba ba, babu mai taɓa kunamar bindiga.

"Yau kuma uwargida da kanta? Lallai za a yi ruwa."

"Karɓi biskit ka rufe mini baki, Des."

Al'adarsu ce ba a fara harba sabuwar bindiga a hannu, don in ƙarfen yana da aibu kada ya tafi da yatsun mutum. Suka ɗura ta, suka ɗaure ta a tsohuwar tayar tarakta, suka ja dogon zare daga kunamar zuwa bayan tarin buhunan yashi inda muka laɓe. Clarrie ya ja zaren. Ta ce daram, hayaƙi fari ya tashi, tumakin maƙwabci suka watse. Des ya kwance ta, ya duba ciki da waje, ya ce lafiya lau.

Sai ya juya ta a hannunsa ya fashe da dariya.

"Clarrie, tsufan ya taɓa idon ma? Wannan ƙota ai ta yara ce. Ƙaramin yatsana ko wurin zama bai samu ba."

Sauran suka taya shi. Raina ya ɓaci.

"Mai hannu kamar shebur yana zargin ƙota," na ce. "Kai me ka taɓa sassaƙawa ban da kunnen tunkiya?"

Clarrie murmushi kawai ya yi. Des ya sake ɗura masa, Clarrie ya je ya tsaya a layi ya ɗaga hannu. Bakin bindigar ya riƙa yawo, sama, ƙasa, gefe. Ya riƙe da hannu biyu, duk ɗaya. Na ga Des ya matso yana neman yadda zai faɗa masa ya haƙura, shi kuwa Clarrie bai bari abokinsa ya sha wannan nauyi ba, ya ajiye ta a kan teburi da kansa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Merle, zo ki riƙe mini."

"Ni? Allah ya kiyaye."

"Riƙewa kawai na ce."

Des ya gyaɗa kai. Na ɗauka ina yatsina fuska. Ƙotar ta zauna a tafina ɗas. Babban yatsana ya sami gurbinsa, har ɗan yatsana da ya karkace tun da ƙofar garke ta datse shi, an rage masa wuri. Nan na tuna wata ranar sanyi da ya shigo kicin da curin yumɓu ya ce in matse, wai yana gwada laushinsa. Har na zage shi don ya ɓata mini hannu ina kwaɓin burodi.

Na dube shi. Ya kau da kai yana kallon tumaki, munafukin tsoho.

Des ya zuba ɗan albarushi a kaskon da ke gefen bindigar, ya nuna mini yadda zan tsaya. Na ja kunama. Wuta ta ce fuu a gaban hancina, na zabura, amma harsashi bai fita ba.

"Kada ki juyo da ita," in ji Des. "Bakinta can, mu jira tukuna."

Da muka jira, Clarrie ya ce 'yar ƙofar da wuta ke bi ta shiga ciki ce ta toshe. Ya ciro tsinken ƙarfe daga aljihu, ya yi ta nema, tsinken yana ta bugun gefe. Na karɓe, na zura shi kamar zare a allura.

Des ya sake zuba albarushi a kasko. Clarrie ya tsaya a bayana, ya ɗora hannu a kafaɗata, ina jin karkarwarsa ta cikin rigar sanyi.

"Wutar kasko ce ke fara tashi, sannan harbin ya biyo," ya ce a kunnena. "A nan kowa ke zabura. Ki tsaya kawai ki jira ta. Matar da ta zauna da ni ba ƙyastu zai firgita ta ba."

Na ja. Wuta ta tashi, na cije, na tsaya. Bindigar ta daki tafina, hayaƙi ya rufe mu da warin nan da na tsana tun ina amarya. Da ya washe sai ga huda a can gefen takardar da ake auna da harbi, nesa da baƙin tsakiya. Tsofaffin nan suka yi ta tafi kamar na kashe zaki. Clarrie yana dariya, hawaye na bin gemunsa, bai ma share ba.

Na ce da Des, "In mutum yana son lasisin nan, yaya ake yi?"

Ya ce sai an yi watanni, sai an riƙa zuwa a kai a kai, kafin nan, in wata ya ƙare, bindigar za ta jira ni a ajiye wurin dillalin bindigogi.

"To, sai in riƙa zuwa da wannan tsohon, don ban yarda da ɗurinka ba."

A mota na ce da Clarrie, "Ka san da ka tambaye ni, a'a zan ce."

"Shi ya sa ban tambaya ba."

Da muka isa gida ya nufi rumfa da bindigar zai wanke a bokiti. Na ɗora buta a wuta, na kwashe kwanukana gefe, na leƙa ta taga na ce ya kawo ta nan, ruwan ya kusa tafasa.