Kaset ɗin Malam Talle

Duk Ƙofar Marusa an san Malam Talle tela da abu biyu: ɗinkin babbar riga, da wani kaset na kiɗan garaya da ya girmi 'yarsa Sumayya. Kullum shi ne dai, har maƙwabta sun haddace. In ya kai tsakiya sai ya rage ƙara, ya manna kunne jikin rikoda. Sumayya ta ɗauka rigimar tsufa ce.

"Baba, don Allah a sauya mana," in ji ta. "Waƙa guda rabin awa! Na yanzu minti uku an gama."

"Na yanzu? Masu murya kamar akuya na mura? Ke dai bari."

Ran nan rikoda ta tauna zaren kaset. Wayyo! Malam Talle ya yar da allura, ya sa biro yana naɗewa. Tsoro ya kama shi ƙwarai: in ta sake taunawa, shi ke nan.

Sumayya ta ja shi shagon Ɗayyabu mai tura waƙoƙi a waya, can Ƙofar Guga. Ɗayyabu na jin farkon kiɗan ya yi dariya.

"Malam, ai ina da wannan a kwamfuta, tas da ita. Tsofaffin waƙoƙi sun dawo yayi."

"Ba taka nake so ba. Tawa za ka kwafa."

To, mai abu da abinsa. Ɗayyabu ya jona, kiɗa ya tafi. Daidai inda garaya ta ɗauki zafi, sai ƙat! Waƙa ta ɗauke, muryar mace ta fito:

"Af! Mi na taɓa? Malam, taho ka gani, jan abin nan ya shige. Kuma tuwonka na hucewa." Sai dariya.

Marigayiya Rakiya ce, matar Malam Talle, ranar da tana goge rikoda ta danne maɓallin ɗauka. Kwana uku ya yi yana fushin an ɓata masa waƙa. Sumayya na goye Rakiya ta rasu.

"Baba, wace ce?"

"Innarki ce," ya ce, yana duban ƙasa don kunya.

Sumayya ta zauna a benci ba ta sani ba.

"Malam, in yanke surutun nan?" in ji Ɗayyabu, da yake hankalinsa na kan kwamfuta. "Yanzun nan zan gyara maka ita."

Malam Talle ya share ido da bakin hula.

"In yankan za ka yi, ɗan nan, yanke waƙar."