Takardar Baƙin Kare

Ƙafar Mai Ɗinki ba ta san an baro keken ɗinki a gida ba. Tana zaune a kan bencin sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, amma ƙafar dama sai taka iska take yi, sama ƙasa, sama ƙasa, har bencin ya ɗauki rawa. Tsohon da ke gefenta ya harare ta, ya tattara rigarsa ya koma tsaye.

A ɗaya gefen ƴarta ce, wadda duk unguwa ke kira Tsinke, saboda ci kamar gara amma ba a ganin inda abincin ke zuwa. Ƙwaurinta na hagu naɗe yake da bandeji, tana ta neman cusa yatsa ta sosa.

"Cire hannunki ko in cire miki shi," in ji uwar, idonta na kan tagar da aka rubuta wa KARƁAR BUƘATU.

Abin da ya kawo su ba ɓoyayye ba ne. Wani baƙin kare marar ubangida ya daɗe yana kwana a bayan bola. Ran nan Tsinke ta je zubar da ƙyallayen ɗinki, ya taso ba haushi ba gargaɗi ya kafa mata haƙori. Ƙanin mijin Mai Ɗinki, wanda ake ce wa Kawu Zafi, ya zari waya ya zazzage wa hukuma ruwan masifa. Sai ga abin da unguwar ba ta taɓa gani ba: motar hukuma ta zo a ranar da aka kira ta. Aka jefa karen a buhu, yara suka raka motar da ihu.

A asibiti nas ta wanke ciwon da sabulu har Tsinke ta kira sunan kakanninta. Sannan ta ja uwar gefe.

"Da a hannuna allurar cizon mahaukacin kare take, yau zan fara yi mata. Amma ƴar kaɗan ta rage, babban likita ya kulle, ya ce sai da takardar hukuma mai nuna halin da karen ke ciki. Dokarsu ita ce su tsare shi mako guda da ɗoriya suna dubawa. In yana ci yana sha, ki yi barcinki. In ya mutu ko ya haukace, ki kawo takardar a guje, ba da tafiya ba. Ciwon nan in ya tashi ba ya kwanciya."

"Yaya zan gane ya tashi?"

"Ruwa. Za ki ga tana son sha, ta kasa haɗiya."

Kalma ɗaya ke nan Mai Ɗinki ta zo nema: karen nan yana raye ko ya mutu?

Tagar ta buɗe. Ma'aikacin da ke bayanta sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, Sai-Gobe kowa ke kiransa, har matarsa in ji masu faɗa. Yana tauna biredi ya saurare ta.

"Baiwar Allah, kin zo daidai wurin. Kin ga wancan?" Ya nuna wata takarda da ta koɗe a bango. "Doka ce. Kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin ganin bayanan hukuma. Mu nan ba ma ɓoye komai."

"To alhamdu lillahi. Karen yana nan?"

"A rubuce za ki tambaya."

"Yallaɓai, i ko a'a ce fa."

"I ɗin ma a rubuce take fita. Ni wa ya aike ni in ce i da bakina? Je ki gindin bishiya wurin masu buga takarda a buga miki buƙata, ki dawo gobe."

*

Ta dawo goben, da jibin, da ranar da ba ta da suna. Buƙatar farko aka ce an yi kuskuren adireshi: cizo ai maganar lafiya ce, a kai sashen lafiya. Can wata mai jan farce ta karanta da gefen ido ta ce su mutane suke dubawa, kare kuwa dabba ne ko a wace ƙasa. Sashen tsafta suka ce in mushe ne nasu ne, in mai rai ne ba nasu ba, don haka ta fara gano ko ya mutu sannan ta zo su gaya mata. Ta hau bene ta sauko har silifas ɗinta ya tsinke, ta ɗaure shi da zaren da ke bakin zanenta.

Da ta zagayo wurin Sai-Gobe, ya karɓi buƙatar da hannu biyu, ya doka mata hatimi, ya ɗora a kan wani tulin fayil da fanka ke kaɗa wa kunne.

"Saura sa hannun Oga."

"Ina Ogan?"

"Taron ƙara wa juna sani."

"Yaushe zai gama sanin?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Sai-Gobe bai yi ba, ya ja tagarsa.

A gida ɗinkin mutane ya taru kamar kayan wanki. Ta sa hannun riga a wuya, ta farke, ta sake sa shi a wuyan. Mijinta direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya, in ya bugo waya rabin maganar iska ke cinyewa. Ya ce zai nemo allurar a hanya. Ta ce nas ta ce allurar da ta sha zafin mota ba ta fi ruwan famfo ba. Manyan kemis na gari kuwa ta zaga su kaf, kowa ya ce ta yanke.

Kawu Zafi ya leƙo da yamma yana hura hanci.

"Matar yaya, har yanzu? Ai da ni na je, da tuni takarda ta fito. Kin ga yadda na sa suka zo ran nan? Waya ɗaya!"

"To ga hanya, ba a rufe ta ba."

"Gobe ina da uzuri."

"Kai ma ka kama aiki a can ke nan."

Ya fita yana cewa mata ba su san alheri ba. Ita kuwa ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa wa Tsinke, ta tsuguna tana kallon maƙoshinta. Tun ranar asibiti haka take. Yarinya ta tashi barci, ruwa. Ta dawo wasa, ruwa. Ta yi tari, ruwa.

"Inna, ni fa ba tulu ba ce."

"Shanye."

Maƙwabta kuwa sun samu abin taunawa. Matar mai shago ta hana ƴaƴanta cin abinci kwano ɗaya da Tsinke. Wata ta rantse ta ji yarinyar na gurnani, alhali minshari ne irin na ubanta, wanda duk layin ya sani.

*

Ruwan nan ne ya yi aikin da buƙata ba ta yi ba. Suna zaune a benci da hantsi, Tsinke ta fara matse ƙafafu.

"Inna, fitsari."

Ban ɗakin ma'aikata a kulle yake, makullin na aljihun wanda ya tafi ƙaro sani. Mai Ɗinki ta ja ta suka zaga bayan ginin, suka wuce motar hukuma da ke tsaye a inuwa, suka wuce wasu kujeru masu ƙafa uku. Sai wari ya tare su, da wani surutu ƙasa-ƙasa.

Keji ne na ƙarfe a jere, an yi musu rumfar kwano. A saman ƙofar akwai allo da hoton kare, fentin ya fara ɓarewa. Ta saki hannun yarinyar ta ƙarasa da sauri, tana addu'ar ta ga baƙin nan ko da zai yi mata haushi.

Kaji ne. Farare tas, ƙosassu, sun cika kowane keji har ba wurin juyawa.

Wata dattijuwa mai shara tana zuba musu dusa. Ta ɗago ta ga baƙuwa, fuskarta ta washe irin ta wanda ya kwana biyu bai samu abokin hira ba.

"Saye za ki yi? Ba su isa ba tukuna. Na Oga ne, kuma matarsa ke cinikin, ita kuwa ko gashin kaza ba ta ragi. Kin san ta? Doguwa, mai haƙorin..."

"Baba, ina karnukan?"

"Waɗanne karnuka?"

"Waɗanda ake kamowa. An kawo wani baƙi makon jiya."

"Ayyo, ƴar nan, ai kare ba ya kwana a nan. An taɓa ajiye wani, ya yi haushi dare ɗaya kaji suka tattake juna, Oga ya kusa kuka. Tun daga ranar, in an kamo, ko sauke shi ba a yi. A wuce da shi bayan gari, a gama da shi, a jefa rami." Ta karkaɗe kwanon dusa. "Baƙin ma na gan shi, yana motsi a buhu. Naki ne?"

Mai Ɗinki ta tsaya tana jin kajin na caccakar kwano. Wato tun ranar farko. Duk hawa benen nan, duk hatimin nan, kowa a ginin ya san babu kare. Ba wanda ya yi mata ƙarya ma, kowa dai ya tura ta gaba.

Tsinke ta fito daga bayan kujeru tana gyara siket. "Inna, kin ga kaji!"

*

Ba ta tsaya a taga ba. Ta tura ƙofar da aka rubuta BA SHIGA, sai ga Oga zaune da kofin shayi, ashe sanin ya ƙare tun shekaranjiya. Mutum ne mai taushin murya da tumbi madaidaici. Sai-Gobe ya biyo ta yana "ke, ke," Oga ya ɗaga masa hannu.

"Ranka ya daɗe, na fito daga wurin kajinka."

Kofin ya tsaya a hanya.

"Ban zo tona kowa ba. Ka yi kiwonka, Allah ya sa albarka. Ka rubuta mini gaskiya kawai: an kashe kare, ba a duba shi ba. Da wannan za su yi wa ƴata allura."

Oga ya kalli Tsinke, ya kalli bandejin, har da girgiza kai. "Allah sarki. Ni ma uba ne. Me ya sa ba a kawo mini maganar nan da wuri ba?" Ya juya ga Sai-Gobe. "A ba ta takardarta yanzu. Yanzu na ce."

Ta koma benci, ƙafa na taka iska. Injin buga takarda da aka ce ya lalace ya farfaɗo. Kafin ta gama yi wa Allah godiya, Sai-Gobe ya miƙo farar takarda mai hatimi biyu da sa hannu kamar ƙugiya.

Karatunta ba mai nisa ba ne, sai ta bi da yatsa. An tsare kare, baƙi, namiji, bisa ƙa'ida. An duba shi kullum. Yana cikin ƙoshin lafiya.

Ta sake bi daga farko, ko yatsan ne ya yi tsallake.

"Yallaɓai, wannan ba ita ba ce. Karen ya mutu!"

"Kin nemi bayanin hukuma, ga bayanin hukuma."

"Ƙarya ce!"

"In kina da ƙorafi, a rubuce." Tagar ta rufe. Ƙofar BA SHIGA ma yanzu an murza mata makulli.

A bakin ƙofar fita mai sharar nan ta cim musu da gudu-gudu, riƙe da kaza an ɗaure mata ƙafafu.

"Oga ya ce a ba yarinya, ta samu ta farfaɗo." Ta rage murya. "Ki karɓa, wallahi ko ni ban taɓa samu ba."

Kafin uwar ta buɗe baki, Tsinke ta rungume kazar.

*

Nas ta karanta takardar a tsaye, ta saurari labarin kaji har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta naɗe ta ta mayar mata a tafin hannu, ta rufe da nata.

"Ban gani ba, kin ji? In likita ya ga hatimin nan, ya rufe maganarki ke nan, zai ce kare lafiya lau. In babu takarda kuma ba zai buɗe firji ba. Ki bar ni in ta yi masa naci. An ce wasu alluran na hanya."

"Yaushe?"

Nas ta buɗe baki, ta fasa. Kalmar da ta zo mata, wato gobe, Mai Ɗinki ta riga ta ƙoshi da ita.

Da la'asar tsakar gida ya yi tsit. Keken ɗinki na nan da rigar mutane a bakinsa, takardar hukuma na cikin aljihun keken tare da tsofaffin maɓallai. Tsinke ta hana a yanka kazar. Ta ɗaure ta a ƙafar keken da ƙyalle, ta zuba mata ruwa a murfin gwangwani.

Mai Ɗinki ta ɗebo kofi ta miƙa. Yarinyar ta karɓa, ta kai baki, ta tsaya.

"Inna, ba na so."

"Ƙoshi kika yi, ko kuwa..." Ta taɓa mata wuya. "Maƙoshin na miki ciwo?"

"Ni dai ba na so."

"Kurɓa ɗaya. Don Allah, uwata. Ɗaya tak."

Tsinke ta riƙe kofin da hannu biyu tana kallon cikinsa. Uwar ta tsuguna a gabanta, idonta a kan ɗan siririn wuyan nan, ba ta ko ƙiftawa. A gefensu kazar Oga ta tsoma baki a murfin gwangwani, ta ɗaga kai sama, ta haɗiye.