Birkin Dattijuwa

Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa tuƙa ko keke ba, amma a satin nan na taka birki fiye da direban tasha. Har yau ƙafata ta dama ba ta yafe wa Malam ba.

Malam mijina ne. Shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar kaya da a-kori-kurarsa, wadda yake kira Dattijuwa. Katako, buhuna, gadaje, awaki, babu abin da ba ta ɗauka ba. Bara hawan jini ya kwantar da shi wata biyu, ya tashi hannun hagu ya ɗan yi nauyi, magana kuma wani lokaci sai ya lalubo ta. Likita ya ce zai iya tuƙi in ba nisa. Amma babban ɗanmu, wanda muke ce wa Babba, bai yarda ba. A ganinsa ciwon ya taɓa kan mahaifinsa, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Ranar da birki ya ƙi ci, Malam ya daki ƙyauren gida da motar, sai Babba ya samu abin da yake nema. Ya zo ya durƙusa cikin ladabi, ya ce ranar Asabar zai kawo wanda zai ɗauke ta, Baba ya huta haka nan.

"Asabar ɗin ka zo ka taka birkin da ƙafarka," in ji Malam. "In bai ci ba, ga makulli."

Ya kuma rantse babu bakaniken da zai sa mata hannu, shi zai gyara a tsakar gida. Na san abin da ke cinsa. So yake ya nuna wa ɗansa, ya kuma nuna wa kansa, cewa kan nan bai taɓu ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in motar nan ta fita daga gidan, mutumin zai zauna a kujera ya tsufa cikin wata guda.

Ranar Talata ya ɗaga gabanta da jak, ya tokare ta da guma-guman itace, ya cire tayoyin biyu. Ya kwanto wasu ƙarafa biyu masu kama da kunkuru, ɗaya daga kowace taya. Shi yana ce musu kalifa, su ne ke maƙure faifan taya in an taka birki. Ya wanke su da fetur a tsohon kwanona, ba tare da ya tambaye ni ba, ya canza musu robobi da takalman birki, ya jera su a kan kwali. Da azahar maganinsa ya sa shi barci. Ni kuma ba na iya ganin tsakar gida da datti in zauna, ko da sarki ne ya zubar. Na ɗauke kunkurun biyu, na kakkaɓe kwalin, na yi shara tas, na mayar da su. Da ya tashi ya ɗaura kayansa, suka zauna daram, yana ta fito kamar ango.

Sai aka zo fitar da iska. Ya yi mini bayani cewa man birki ba ya son abokin zama. In iska ta shiga tiyon, ka taka sai ta matse, birkin ya yi laushi ya nitse har ƙasa. Aikin kuma na mutum biyu ne, ɗaya yana takawa, ɗaya yana ƙarƙashi yana buɗe wani ɗan hanci a jikin birkin don iska ta fita. Ya dube ni, na dubi bayana ko da wani, babu kowa sai kaji.

Gwamnati Malam yake kirana, wai don babu abin da ke motsi a gidan sai da izinina. To ranar Gwamnati ta ga mulki. Ya ɗora ni a kujerar direba, ya sa mini matashi biyu a baya don ƙafata ta kai, ya shige ƙarƙashi da sifana da kwalba da ɗan tiyo. Daga can sai dai in ji murya: danna, danna, danna, riƙe. Sai in ji birkin ya sulale ƙarƙashin ƙafata. Sai ya ce kar in saki. Sai ya ce saki. Karon farko na saki kafin ya ɗaure hancin, iska ta koma ciki, ya fito yana faɗa wai na ɓata aikin awa guda. Na ce masa in bai iya magana da mutane ba ya je ya kira kajin su taka masa. Ya koma ƙarƙashi yana dariya, ina jin motar tana girgiza.

Muka fara da tayar baya ta nesa, muka zagayo har gaba. Man ya fito tas babu kumfa, amma birki yana nan luguf kamar an taka katifa. In na danna sau biyar a jere sai ya ɗan yi tauri, in na huta na sake takawa sai ya tafi ƙasa. Malam ya ce wannan iska ce, babu wani abu. Muka sake zagayowa. Laraba ya shimfiɗa kwalaye ƙarƙashin motar ko wani wuri yana yoyo, ko ɗigo babu. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya sa ni na danne birkin ina ƙirga har sittin ko zai nitse a hankali, don ya gane ko babbar tukunyar da ke tura man ce ta gaji. Bai nitse ba. Alhamis maƙwabcinmu mai walda ya leƙo ta katanga ya ba da shawara guda uku, duka Malam ya riga ya gwada su. Ya gode masa da irin godiyar da ke nufin a sauka daga katangar.

Zuwa Juma'a da hantsi fiton ya ƙare. Mun zubar da gwangwanin mai huɗu, ƙafata ta kumbura, shi kuma ya daina tsokanata, abin da ya fi komai damuna ke nan. Na sauko na kawo masa ruwa, na tsuguna kusa da tayar gaba. Karon farko ke nan da na ga abin da yake buɗewa da idona. Ɗan hancin yana can ƙasan kunkurun, yana kallon ƙasa. Ni kuwa shekaru ina ɗura lemo a kwalabe ina sayarwa, na san inda kumfa take zuwa. Na tambaye shi, ba da wata manufa ba, yaya iska za ta fita ta ƙasa alhali sama take hawa.

Ya tsaya da kofin a hannu. Ya dubi hancin. Ya ja jiki ya zagaya ɗaya tayar, nan ma hancin yana ƙasa. Ya daɗe a can. Da ya dawo ya zauna a kan taya, ya gaya mini a hankali cewa na dama yana hagu, na hagu yana dama. Suna shiga ko ta ina, amma in aka musanya su hancin sai ya koma ƙasa, iskar ta taru a sama ta yi zamanta, ko shekara za a yi ana dannawa.

Na yi tsammanin zai yi murna an gano ciwon. Ina! Sai na ga fuskarsa ta faɗa. Ya ce da hannunsa ya jera su a kan kwali, na hagu a hagu, na dama a dama, don kada ya rikice, kuma duk da haka ya rikice. Ya ce kuskuren da ko ɗan koyo na sati biyu ba zai yi ba. Ya laluba aljihu ya fiddo makullin ya ajiye a kan cinyata.

"Yaron nan ya yi gaskiya, Gwamnati. Kan ya tafi. Ki ba shi gobe, ni ba zan iya ba."

A nan ne sharar ranar Talata ta faɗo mini a rai. Na tuna na ɗauke su, na tuna na mayar, amma wanne na sa a ina, ko a gaban alƙali ba zan iya faɗa ba. Abin da na tuna shi ne na juya kwalin ma gaba ɗaya, don gefen mai tsabta ya kalli ƙofa. Shekara talatin da biyar ban taɓa cewa na yi laifi a gidan nan ba, kuma ban yi niyyar farawa da tsufana ba. Amma na dubi mutumin nan zaune a kan taya, kafaɗunsa sun sauka, ya yi ƙanƙani.

"Malam," na ce, "ranar Talata da kana barci na yi shara."

Ya ce ai kullum ina shara.

"Na ɗauke su. Har kwalin na juya."

Ya zuba mini ido. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa, cewa wa ya ce ya baza shirgi a inda mutane ke wucewa. Amma bai yi faɗan ba. Ya sa ni na maimaita. Ya tambaya ko na tabbata na juya kwalin, na ce na tabbata. Sai mutumin nan ya tuntsire da dariya, ya kwanta da baya a ƙasa cikin man birki, yana dukan taya da hannun nan mai nauyi, hawaye na bin kunnuwansa. Mai walda ya sake leƙowa ko lafiya. Malam ya ɗaga murya ya gaya masa cewa matarsa ce ta lalata masa birki, yana faɗa kamar mai albishir. Ban taɓa ganin wanda aka ɓata wa kwana huɗu yana murna haka ba. Ni ma na yi dariyar, na yi kukan, na kuma ce masa duk da haka bai kamata ya taɓa mini kwano ba.

Kafin la'asar ya musanya su. Na hau kujerata ba tare da an roƙe ni ba. Danna, danna, riƙe. A karo na biyu na ji ya yi kabbara a ƙarƙashi, wai kumfa tana fitowa kamar an buɗe lemo. A karo na shida na taka, birkin ya tsaya a rabi ya ƙi motsi, kamar na taka dutse. Na tashi tsaye a kansa da duk nauyina, ko gezau. Ya ɗaura tayoyi, ya bi kowane noti sau biyu, ya gwada ta a hankali daga bakin rijiya zuwa ƙyauren da ya lotsa, gaba da baya, har sau goma.

Asabar Babba ya zo shi da mutumin da zai ɗauki motar. Malam ya miƙa masa makulli ya nuna masa layi. Muka tsaya a ƙofa. Babba ya ja ta har gaban shagon mai wanki, ya taka birki da irin ƙarfin wanda ya tabbata ba zai ci ba. Dattijuwa ta kafe wuri guda, hularsa ta tashi ta daki gilashi. Ya sake gwadawa sau biyu. Ya dawo ya fito yana gyara hular, kunya da murna sun haɗe masa a fuska, ya tambaya me ya same ta tun farko. Malam ya zayyana masa komai, robar da ta mutu, iskar, hancin da ya koma ƙasa, bai lalubi kalma ko ɗaya ba. Da aka zo kan wanda ya musanya kunkurun, ya saci kallona ya ce wannan sirrin gwamnati ne.

Babba ya durƙusa ya miƙa masa makullin da hannu biyu, ya ce Baba ya yafe masa. Mutumin da aka kawo ya sha ruwa ya kama gabansa.

Malam ya buɗe mini ƙofar gaba, ya ce in shiga mu je mu sayo kwano. Matashin nan biyu da ya sa mini a baya suna nan a kujerar gefen direba inda aka ture su. Ya ɗauke su zai jefa baya, sai ya fasa, ya ajiye su a tsakaninmu, ya ce a bar su kusa, ba a san ranar da za a sake neman ƙafata ba.