Hancin Nu'uman

Sukarin da nake narkarwa na haɗin turaren wuta ya ƙone ƙurmus, ƙauri ya biyo ni har ƙuryar ɗaki inda nake neman kwalabe. Na fito da sauri ina salati, sai na tarar da Nu'uman zaune a kan kujerar tsuguno, ya ba wa murhun baya, yana latsa wayarsa hankali kwance. Kusa yake da murhun, da ya miƙa hannu da ya taɓa tukunyar.

"Kai Nu'uman, kana zaune kayana suka ƙone?"

Ya waiwaya, ya dubi tukunyar, sannan ya dube ni. Ya yi 'yar dariya ya ce hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Dariyar ba ta kwanta mini ba.

Nu'uman maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a lungunmu na Ƙofar Na'isa, kuma a gabana Hajiya Mero ta haife shi. Yana aiki a wani babban kamfanin mai da gas can kudu, bakin teku, wata guda a can, wata guda a gida. A ganin mutanen unguwa ya haye, kowa so yake ya samar wa ɗansa gurbi. Ni dai abin da na ga kamfanin ya ƙara masa tsoro ne. Ba ya barin a zuba wa janareta mai tana aiki, ba ya barin a kunna ashana kusa da jarka, har na raɗa masa suna Sarkin Tsoro. Amma fa wajen hanci babu kamarsa a lungun nan. Shi ke sayen turarena yana kai wa matan abokan aikinsa, kuma ranar da na yi ƙwauron sandal, tun daga zaure zai ce, "Gwaggo Dije, yau an yi mana ha'inci."

Don haka na ƙudura in gwada hancin nasa. Na shiga ɗaki na tsiyayo man gyaɗa a kwalbar humra, na miƙa masa na ce sabon haɗi ne. Ya kai hanci, ya lumshe ido, ya ce wannan kam ya fi na bara.

"Man gyaɗa ne," na ce.

Ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa kafin ya gaya mini. A zuwansa na baya wani bututu ya yi yoyo a wurin aikinsu. Da farko sun ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, can sai warin ya ɗauke, ashe ba warin ne ya tafi ba, hancinsu ne iskar ta kashe. Abokin aikinsa Sabo ya yanke jiki ya faɗi, shi ya jawo shi waje. Sabo ya warke. Shi kuwa tun daga ranar bai sake jin ƙamshi ko warin komai ba. Bai gaya wa likitan kamfani ba, don ya san da zarar an rubuta, an sauke shi daga wurin ke nan. Ya roƙe ni kada mahaifiyarsa ta ji, kada matarsa Muhsina ta ji.

Na ce masa ni ba a ba ni irin wannan ajiyar. Mutum yana aiki a tsakiyar gas ba shi da hanci, kuma in yi shiru?

"Gwaggo, a can ba da hanci ake aiki ba," ya ce. "Akwai na'ura da nake maƙalawa a ƙirji, ko kaɗan ta ji sai ta fasa ihu. Kowane lungu akwai irinta. Wallahi na fi tsira a can."

Ban saurare shi ba. Ko mayafi ban gyara da kyau ba na shiga gidansu. Hajiya Mero tana tsintar shinkafa na zayyana mata komai, Muhsina na tsaye bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Da ya shigo, Hajiya ba ta ɗaga murya ba.

"Idan ka koma wurin nan, ban yafe ba."

Shi ke nan magana ta ƙare. Ranar komawarsa ta zo ta wuce, jakarsa na jingine a ɗaki. Ya kira kamfanin ya faɗi gaskiya, suka ce ya zauna a gida har likitocinsu su yanke shawara. Mu duka muka yi ajiyar zuciya. Na ji daɗi ƙwarai, har kunun gyaɗa na dama na aika masa.

Amma zaman bai karɓe shi ba. Abinci ba ya masa daɗi, sai ya yi loma kaɗan ya ture. Kafin ya fita masallaci sai ya miƙa wa Muhsina rigarsa ta sansana masa. Da rana in na leƙa ta katanga, sai in gan shi tsaye a tsakar gida yana ɗaga kai yana jan iska, kamar mai sauraren wani kira daga nesa. Idan wayarsa ta yi ƙara sai ya zabura, ya ga ba kamfani ba ne, ya mayar aljihu. Ya kuma tsiri wata ɗabi'a. Duk lokacin da aka ɗuro tukunyar gas, sai ya kaɗa ruwan omo a kofi ya shafa a bakinta da tiyonta, ya tsuguna yana jiran ya ga ko kumfa za ta tashi. Mata na dariya, har da ni. Ya gaya mini ya yi odar irin na'urar nan ta gida, tana hanya.

Ya daina shigowa wurina hira. Muna gaisawa dai, amma a tsaye.

Ranar da abin ya faru, damina ta yi nisa. Da hantsi aka kawo musu tukunyar da aka ɗuro, Nu'uman yana can asibiti wajen gwajin da kamfani ya ce ya yi. Muhsina ta ɗaura ta a ɗan kicin ɗinsu, ta ja ƙofa saboda hadari, suka tafi bikin suna a Gwale ita da Hajiya. Bayan la'asar gari ya yi duhu, ruwa ya kece. Ina kwashe shanya sai na ji shi, warin gas mai nauyi yana tsallako katanga, har ya fi ƙarfin ƙamshin ƙasa. A daidai lokacin na ji an turo ƙofar gidansu.

Na ƙwala wa Nu'uman kira. Ruwa na dukan kwano, ni kaina ban ji muryata ba. Na watsar da kayan na fita ba takalmi, na zagaya ta lungu, na faɗa zaurensu. Daga nan na hango shi. Ya buɗe ƙofar kicin ya shiga da ƙafa ɗaya, kofin kumfarsa a hannun hagu, na dama kuma yana laluben makunnin fitila a bango, don cikin ya yi duhu.

"Nu'uman!"

Ya fara juyowa, amma yatsansa ya riga ya danna.

Ba zan bayyana abin da na gani ba. Maza suka shigo suka naɗe shi a bargo, aka ɗauke shi a hannu har bakin titi, domin mota ba ta shiga lungunmu.

Washegari aka bar ni na gan shi. An naɗe shi duka, ido da baki kawai ake gani. Hajiya Mero na gefe da carbi, ba ta ko motsi. Na sunkuya na ce masa sannu. Leɓensa ya motsa, na kai kunne.

"Gwaggo, akwai wari sosai?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce har gidana.

"To," ya ce, ya rufe ido.

Kafin azahar ya cika. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina, kuma har yau wannan "to" ɗin bai bar kunnena ba.

Mutanen kamfani sun zo ta'aziyya su uku, suka bar farar motarsu a titi, suka tako cikin taɓo da takalmansu masu ƙyalli. Sun yi magana mai daɗi, suka ce ma'aikaci ne mai kiyaye doka, bai taɓa yin sakaci ba. Hajiya ta ce ta gode.

Da yamma na fito raka masu gaisuwa. Ana yayyafi, hayaƙin itace na tashi daga kowane gida. Tun daga ƙofarmu har bakin lungu, kowa ya fito da tukunyar gas ɗinsa ya ajiye a waje, suna jere a jikin bango ruwa na sauka a kansu.